Waƙar taron dangi kan ruwan kamfani da bola, tana aiki kuwa ko ɓata lokaci ne?

Mai Ƙaramin Sitidiyo ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, abin ne ya daɗe yana cina a rai. Ni ina zaune ne a wata unguwa a nan Kano ta bayan kamfanonin jima, duk wanda ya san yankin Sharaɗa zuwa Challawa ya san me nake nufi, akwai wani ruwa da yake fitowa daga kamfanonin fata ya biyo lambatu ya ratsa ta bayan gidajenmu kafin ya faɗa rafi, wata rana baƙi ƙirin, wata rana shuɗi-shuɗi, wata rana kuma ja kamar an yanka sa, warin kuwa ba a magana, baƙo in ya zo sai ka ga ya toshe hanci mu kuwa mun saba har ba ma ji sai in mutum ya yi tafiya ya dawo. Ga bakin kwatar kuma an mayar da shi bola, duk yaron da ya turo shara a baro nan zai juye ya yi gaba, damina na zuwa ta toshe ruwa ya dawo mana cikin gida. Bara kwana biyu muka yi muna kwarfa, katifar tsohuwarmu sai jefar da ita muka yi.

An rubuta takarda, an kai wa mai unguwa, an je gidan rediyo sau ɗaya, aka ce za a turo a duba. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

To ni ina da ɗan sitidiyo, ɗaki ɗaya ne, kwamfuta da fiyano da makirfo biyu, ina buga wa yara kiɗan biki da na siyasa in kakarta ta zo. Shi ne tunani ya zo min, me zai hana mu yi waƙa a kan wannan abu, amma ba irin wadda mutum ɗaya zai shiga ya rera ya fito ba, a'a, unguwa gaba ɗaya nake so ta sa baki. 'Yan ƙwallonmu, matan da ke suyar awara a bakin layi, yaran Islamiyya su yi amshi, akwai wani dattijo mai kalangu da yake bin mahauta shi ma a sako shi, har da masu lambun da ke ban ruwa a ƙasa da mu. Kowa ya kawo baitinsa ya faɗi abin da ruwan nan ya yi masa.

Na faɗa wa abokina sai ya yi dariya wai waƙa ba ta kwashe shara, in samu abin yi. Shi ne na ce bari in tambaya, akwai inda aka taɓa yin irin haka ya yi amfani? Ko dai burina ne kawai yake ruɗata? Kuma in za a yi ta ina ake farawa?

Gaskiya Ɗaci Gare Ta ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Abokina ni dai ba zan yaudare ka ba, ina bayan abokin naka. Waƙoƙi nawa aka yi a ƙasar nan kan tsafta, kan shaye-shaye, kan zaman lafiya? An sa a rediyo sati biyu, an biya mawaƙi, kowa ya watse, kwata tana nan yadda take. Mai kamfani ba ya jin waƙarka, yana ofis da iya kwandishan, ko ma ba ya ƙasar.

Ka duba abin da ya faru a Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, yara wajen 400 suka mutu. An share wasu ƙauyuka amma Bagega aka bar ta tana jira har shekara biyu da wani abu, likitoci suna cewa ba za su fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar don in an ba yaro magani ya koma cikinta aikin banza ne. Me ya sa aka saki kuɗin a farkon 2013? Matasa ne suka taso gwamnati a gaba a intanet da 'yan jarida da ƙungiyoyin waje, suna kirga kwana suna tambayar ina kuɗin. Takarda da alƙaluma da naci, ba kalangu ba.

Sannan ga abu biyu da ban ga ka yi lissafinsu ba. Na ɗaya, rabin samarin unguwar taku na tabbata a kamfanonin nan suke leburanci, ko ubansu yake gadi, wa zai yarda a ɗauki muryarsa yana zagin inda yake cin abinci? Na biyu masu lambun da ka ce, ai su da wannan ruwan suke noman latas da kabeji da rani, in waƙa ta fita ta ce ruwan guba ne wa zai sayi kayansu a kasuwa? Kai kana ganin kun haɗu a kan matsala ɗaya, alhali kowa da inda nasa takalmin yake matsa shi. Sai kuma ɗan siyasa ya zo ya ba ku dubu ɗari biyu ya ce a saka sunansa a amshi, shi kenan an gama da ku.

Baba Na Fadama ya rubuta:

Ɗana mai sitidiyo, Allah ya yi maka albarka. Jikana ne yake rubuta min wannan, ni ina faɗa yana dannawa, in kun ga kuskure nasa ne. Kai kuma Gaskiya Ɗaci maganarka akwai gaskiya ciki amma ka kalli abin ta baya.

Ni mutumin ƙasar Haɗejiya ne, can wajen fadama ta hanyar Nguru. Mu tamu masifar wata ciyawar ruwa ce, sunanta kacala. Da can kogin nan yana da lokaci, da damina ya cika ya malale fadama mu shuka shinkafa mu kama kifi, da rani ya janye ƙasa ta bushe mu yi noman rani a danshinta, makiyaya su shigo. Da aka yi madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya zama ba ya ƙafewa kuma ba ya zuwa da ƙarfin da zai wanke hanyarsa, kullum yana nan yana tsiyaya, laka ta kwanta, ciyawar nan ta samu gindin zama. Ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ruwa ya cinye gonakinsa wani garin kuma ko ɗigo ba ya isa, ga jan-baki sun samu gidan kwana a cikinta suna fitowa su cinye gero da shinkafa. Mu ba mu gina madatsa ba, ba a tambaye mu ba, amma mu muka biya.

To abin da zan gaya maka shi ne, lokacin da garuruwanmu suka gaji da jiran injin gwamnati muka koma ga abin da muka gada, wato gayya. Kuma gayya ba ta yiwuwa sai da makaɗi, wannan duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Ka shiga ruwa har ƙirji tun hantsi da lauje da adda, ga matsattsaku, ga kaifin ciyawa tana yanka hannu, wallahi in ba ganga a bakin gaɓa awa biyu ba za ka yi ba. Amma mai gangar noma yana tsaye yana kiran taken kowa, ya kira na ubanka ya kira na kakanka, sai ka ji wani ƙarfi ya zo maka wanda ba ka san kana da shi ba. 'Yan mata sun kawo fura da kunu suna tafi suna amshi, wane saurayi ne zai yarda a ga ya fito ya zauna?

Kuma ba ƙarfi kaɗai ba. Makaɗin nan shi ne rajistarmu. Ya san gidan da ya turo mutum uku, ya san gidan da bai turo kowa ba, kuma zai faɗa cikin kiɗa ba tare da ya kama suna ba, habaici kawai, amma kowa ya gane, gobe sai ka ga mai gidan ya riga kowa zuwa. Abin da dagaci ba zai iya faɗa ba don kada a yi rigima, makaɗi ya faɗe shi ana dariya. Har masu mulki da suka zo kallo da manyan riguna an sa musu nasu baitin, wai ga masu zuwa da mota su ga ruwa su koma, suka yi yaƙe suka ba da kuɗin goro, amma sun ji.

Saboda haka ni a ganina kuskuren da kai da abokinka kuke yi ɗaya ne, dukkanku kuna kallon waƙar da za ta fito a waya. Wannan ita ce ƙaramar riba. Babbar ita ce mutanen da za su zauna wuri ɗaya sau biyar sau goma kafin waƙar ta haɗu. Mai lambu da leburan kamfani da matar da ɗanta ke fama da ƙaiƙayi, yaushe rabon da su zauna su saurari juna? In ka kira mitin ba za su zo ba, an gaji da mitin. In ka ce a zo a yi kiɗa za su zo. Ranar da kuka gama, ka riga ka san mutum arba'in da sunansu da gidajensu waɗanda in an ce ranar Asabar a fito da shebur za su fito. Kada ka saki waƙar a ranar da babu aiki, ka sake ta a bakin kwatar ana yasa.

Kacala dai ba mu gama da ita ba har gobe, kada in yi maka ƙarya, tana sake tsirowa. Amma hanyar da muka buɗe ruwa ya bi, an yi noma a wannan shekarar.

Mai Ƙaramin Sitidiyo ya rubuta:

Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaida jikan naku. Wallahi kun taɓo inda ban taɓa tunani ba, ni duk hankalina yana kan yadda sautin zai fito da yadda za ta yi yawo a TikTok. Maganar Gaskiya Ɗaci kan masu lambu kuma ta tsaya min a wuya, don ƙanin babana ma yana cikinsu.

Ɗiyar Maraɗi ta rubuta:

Sannunku da hira. Ƙanena mai sitidiyo, ni daga Nijar nike, kuma ina da abin cewa kan mata tunda na ga ka lissafa su kamar kayan ado, wai su yi amshi. A'a hwa. Wa ke ɗibar ruwa, wa ke wanki, wa ke kai yaro likita in ya kwana yana zawo? Su ne suka hi kowa sanin abin da ruwan nan ke yi, su ya kamata su ba da baiti maza su amsa.

Mu nan jihar Maraɗi abin da muka gani shi ne na icce. Iyayenmu suna ba mu labarin yunwar 1984 wadda ake kira El-Buhari, lokacin gonaki sun zama fili fetal, iska ta kwashe ƙasa ta binne shuka sai an sake shuka sau biyu sau ukku, mace ta yi tahiyar rabin yini neman iccen girki, wata ta ƙare da kara da kashin shanu. Kuma a lokacin icce na gwamnati ne, in ma'aikacin daji ya kama ka ka sare reshe a gonarka tara ce, to wa zai wahala ya reni abin da ba nashi ba? Daga baya aka zo da abin da muke kira sassaben zamani, wani bature ɗan Ostareliya Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka hwara yaɗa shi nan Maraɗi, ba dashe ba ne, kututturen da ke cikin gona ne in ya yi toho ba a sassabe shi duka, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarhi a bari a datse saura. Yanzu ana maganar hekta miliyan biyar da icce wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Ka je wajen Agye ka ga gawo cikin gonaki.

Ba zan ce waƙa ta yi wannan ba, ƙarya ne. Amma na san yadda magana ke tahiya tsakanin mata. Muna da ƙungiyoyin asusu da ake ce ma Mata Masu Dubara, tun 1991 aka hwara su nan, duk mako a taru a zuba kuɗi a akwati a ba mai buƙata rance. A tamu ƙungiyar ba a tashi sai an kihe ƙwarya a ruwa an yi 'yan waƙe-waƙe, kuma duk abin da ke damun gari sai ya shiga ciki, wadda mijinta ya saida gawon gona an yi mata nata, masu zuwa da dare su sare iccen mutane an yi musu nasu, har ya kai in yaro ya ga mai sata sai ya kama rera amshin, kunya ta ishe shi. Wata tsohuwa ke ƙirƙira layin hwarko, kowa ta ƙara nata, in bai yi daɗi ba a yi dariya a jefar. Ba wadda za ta ce waƙata ce.

To shawarata, kada ka jira matan aure su zo sitidiyonka, ba za su zo ba kuma mazansu ba za su bari ba. Ka samu ƙanwarka ko wata yarinya mai hankali ka ba ta waya ta shiga gidajen suna da wajen adashi ta ɗauko murya, da izinin masu gida, kuma murya kawai ban da hoto, ka haɗa a kwamfutarka. Wanda ke aiki a kamfani shi ma haka, cikin amshin mutum talatin wa zai gane muryar wane? Ai amfanin taron ke nan.

Abu na ƙarshe, ka yi hankali da kuɗin masu furoje, wato ƙungiyoyin tallahi. Mun ga waƙoƙin da aka biya aka yi kan dashen icce, da tambarin ƙungiya da komai, ranar da furojen ya ƙare ranar waƙar ta mutu, don ba daga cikin mutane ta hito ba. Tamu ta ƙwarya ba wanda ya biya ko dala, har yau ɗiyanmu na yin ta.

Ɗalibi Daga Nesa ya rubuta:

Tunda ka tambayi ko an taɓa yi a wani wuri bari in kawo guda biyu daga Kudancin Amurka, don sun yi kama da naku sosai, kuma ɗaya ta fi ɗaya darasi.

Ta farko a Faraguwai ce, wata unguwa mai suna Cateura a gefen Asunsiyon babban birninsu, wadda take zaune a jikin babbar bolar birnin, mutanen wurin sana'arsu jari bola. A 2006 wani ma'aikacin muhalli Favio Chávez ya je aikin koyar da tace shara, shi kuma ya iya kiɗa sai ya fara koya wa yaran masu tsintar, kayan kiɗa suka yi kaɗan, kuma ko an ba yaro goge na gaske hatsari ne don kuɗinsa ya fi na ɗakin da suke kwana. Sai wani mai tsintar bola Nicolás Gómez da ya iya aikin kafinta ya fara ƙera musu daga shara, babban goge daga garwar mai, ƙanana daga gwangwani da cokali mai yatsu, sarewa daga bututun ruwa da murafen kwalba, har fatar ganga da tsohon hoton ƙashi na asibiti. Yaran nan sun zaga duniya, a 2014 har shahararrun mawaƙan Amurka Metallica suka ɗauke su suna buɗe musu wasa, an yi fim a kansu, an samu makarantar kiɗa, wasu sun yi karatu. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma ka lura, a wannan shekarar ta 2014 kogi ya yi ambaliya ya kori iyalai da yawa daga gidajensu a unguwar. Kiɗan ya fitar da yara ya ɗaga darajar iyayensu, duniya ta tafa, amma zaman bakin bola da bakin kogi bai canza ba. Wannan ita ce irin nasarar da TikTok zai iya ba ka.

Ta biyu a Burazil, birnin Salbado na jihar Bahiya, unguwar Candeal, ta bakaƙen fata talakawa, da can ba magudana ruwan ƙazanta a kan hanya yake gudu kamar yadda ka kwatanta taku. Wani makaɗi ɗan unguwar Carlinhos Brown ya tara samari da yawa suna buga ganguna tare, suna atisaye a titi duk mako har mutanen gari suka fara tururuwa zuwa kallo. Da ya ga an samu taro da suna bai tsaya nan ba, a 1994 suka kafa ƙungiya mai suna Pracatum, ta buɗe makarantar kiɗa, sannan ta fito da shirin gyaran unguwa inda mazauna da kansu suka zauna suka lissafa abin da suke so, aka nemo kuɗin hukuma aka yi magudanai aka gyara gidaje aka shimfiɗa hanya aka samu ɗakin shan magani. Bambancin kawai shi ne su gangar tana da ƙungiya a bayanta mai rajista da za ta iya sa hannu a takarda ta karɓi aiki ta bi sawu.

Wani abin da ya ba ni mamaki da nake karanta tarihin garin, ashe Bahiyar nan an kai kakanninmu Hausawa bauta da yawa, har a 1807 aka bankaɗo shirin tawayensu, wasu kuma suka biyo baya. Wa ya sani ko cikin masu gangar nan akwai jininmu. Wannan dai gefe ne.

Almajirin Zaure ya rubuta:

Allah ya saka wa kowa. Ni gyara ɗaya zan kawo kafin ka je ka yi karo da bango. Ka ce yaran Islamiyya za su yi amshi kuma ga fiyano ga kalangu, to ka sani malaminsu da wuya ya yarda, kuma wasu iyayen da jin kiɗa za su janye 'ya'yansu, kai kuma jama'a kake nema ba gardamar halas da haram ba. Mafita mai sauƙi ce, ka yi ta kala biyu, ɗaya murya zalla ko da tafi, ɗaya da kiɗa don samari. Baiti ɗaya amshi ɗaya.

Kuma in ka je wajen liman kada ka je da maganar sitidiyo, ka je da abin da ya sani. Ranar haƙa ramin Handaƙ sahabbai suna haƙa suna rera baitoci, Manzon Allah (SAW) yana ɗaukar ƙasa tare da su yana amsa musu, yana cikin Buhari. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, an hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu balle zuba guba a wanda mutane ke sha. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da matan ƙauye ta hannun jajis da 'yan taru, su haddace su koma su koya wa wasu. In liman ya ɗauki maganar ya sa ta a huɗuba ranar Juma'ar da za ku fita, ka samu rabin unguwa kyauta.

Gaskiya Ɗaci Gare Ta ya rubuta:

To Baba na sauko rabi, Allah ya huci zuciyarku, ban ce gayya ƙarya ba ce. Amma kacala ba ta da lauya, bola ma ba ta da shi, wannan shebur da ganga za su iya. Ruwan kamfani fa? Shi ba a yashe shi, sai dai mai shi ya tace kafin ya sako, kuma tacewa kuɗi ne, ba zai yi ba sai an tilasta shi.

Ku tuna Ogoni, ƙabilar jihar Ribas da haƙar mai ta ɓata musu ƙasa. Ranar 4 ga Janairun 1993 mutum wajen 300,000 suka fito, fiye da rabin ƙabilar gaba ɗaya, da ganye a hannu suna waƙa suna rawa ba wanda ya ɗauki makami, kuma lallai waƙa ta yi aiki a nan don ita ta riƙe taron ta cire wa mutane tsoro, a shekarar Shell ta daina haƙar mai a ƙasarsu. Amma ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Abacha ta rataye jagoransu Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Kuma abin da ya sa duniya ta kasa musantawa shi ne rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011, da aka auna ruwan rijiya a garin Ogale aka samu sinadarin benzin mai jawo ciwon daji ya ninka ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya sau 900, aka ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30. Sai 2016 aka ƙaddamar da aikin sharewa, kuma har yanzu ana kai ruwa rana.

Ba ina tsorata ka ba ne, naku bai kai nan ba. Ina cewa ne ku haɗa da gwaji. Kamfanonin jima da sinadarin kuromiyom suke aiki, malaman jami'a a Kano sun sha yin bincike kan rafin Salanta da Challawa da Jakara, ku nemi ɗalibin kimiyya ya ɗebi ruwan lambatunku da na rijiyoyinku a auna, ku samu takarda mai hatimi. Akwai hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007 don irin wannan, akwai ma'aikatar muhalli ta jiha. Ku kai takardar ku arba'in ɗin da Baba ya faɗa, ku rera amshin naku a bakin get in kuna so, amma takarda na hannu. Kuma dan Allah kada ku kama sunan kamfani ko na mutum a waƙa, ƙarar ɓata suna za a kai ku maganar ruwa ta bi iska.

Mai Ƙaramin Sitidiyo ya rubuta:

Jama'a na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar muka yi zaman farko a filin makarantar firamare, na yi zaton mutum goma sai ga ashirin da bakwai har da waɗanda ban gayyata ba, dattijon mai kalangu yana fara taɓawa yara suka cika wurin.

Ba a rera komai ba fa, rigima aka yi ta kusan awa ɗaya a kan layi ɗaya. Wani cikin 'yan ƙwallo ya kawo baiti mai cewa latas ɗin bakin rafi guba ne, ƙanin babana ya miƙe ya ce in aka sa wannan shi da mutanensa sun fita kuma sai ya haɗa ni da tsohuwarmu, wani lebura kuma ya ce shi a cire kalmar a rufe kamfani don da albashin yake ciyar da mutum tara. Ana ta cacar baki sai wata mai awara da ke gefe ta ce to ku ba abu ɗaya kuke so ba, a tace ruwan kafin a sako, mai lambu ya samu mai kyau lebura ya riƙe aikinsa? Wallahi wuri ya yi tsit. Yanzu amshin a kan a tace a sako aka gina shi, kuma ita ta ba da karin, Anti Ɗiyar Maraɗi kin yi gaskiya na sara miki.

Ƙanwata ta karɓi wayar za ta fara shiga gidaje ranar Alhamis akwai suna a layinmu. Allah gafarta Malam, liman ya ce in kawo masa baitocin a rubuce ya gani tukuna. Wani ya riga ya turo min saƙo wai mai gidansu yana son ya ɗauki nauyin bidiyo, ban amsa ba.

Yasar kwata mun sa Asabar ta sama kafin ruwa ya sauka, muna da shebur tara da baro biyu, muna neman aron wasu. Sannan dan Allah in akwai ɗalibin kimiyya a nan da ya san yadda ake ɗibar ruwan gwaji, a wace irin kwalba, da safe ko da dare tunda sun fi sakowa da dare, da kuma nawa ake biya a auna, ya yi min magana.